Ledar Sharar Bara

"…Ya hanya, Malama? Ya mutanen Kazaure? Ya ƙarin haƙurinmu?"

"Da godiya."

"Madalla. Bismillah, ga wuri."

Ukasha ya jawo farar kujerar roba, ya kaɗe ta da hannun rigarsa, ya ajiye ta inda iskar fanka ke kaiwa. Halima Sa'adiyya ba ta zauna ba. Ta tsaya a bakin ƙofa rungume da baƙar jaka, tana kallonsa. Ubanta da uwarsa ciki ɗaya suka fito. Ita 'yar namiji, shi ɗan mace, taubasai ke nan. Tun suna yara a gidan kakansu bai taɓa miƙa mata kujera ba sai ya tabbata ƙafa uku gare ta. Yau ga shi har da kaɗe ƙura.

"Wace ce Malama?" ta ce.

"Ke mana."

"Yaushe aka yi sunan? Ban ci ƙaurin ba."

"Ai girmamawa ce."

"Wa ya aike ka? Wane wata muke ciki?"

Ya sunkuyar da kai yana jujjuya sukudireba a hannu. "Cika-ciki."

"Ya ma kusa fita. Na share gida, na zuba ido, bawana bai zo karɓar shara ba. Na ce ko ya 'yanta kansa ne ban sani ba. Shi ya sa na hau mota in zo in ji wanda ya 'yanta shi."

Shekara da shekaru, duk watan cika-ciki Ukasha kan rufe shagonsa na gyaran kwamfuta da waya a bakin tashar Babura, ya tafi Kazaure karɓar shararsa. Ita kuma ta tara masa tarkacen gida a baƙar leda, ta ƙulle, ta miƙa masa da hannu biyu kamar wata babbar kyauta. A yi ta fafatawa har la'asar, sannan ta sa a kamo masa zabuwa. Bana bai je ba. Tun da ɗanta na fari, Abdulnasir, ya rasu a watan Safar da ya wuce, Ukasha ke yi mata magana kamar yana gaban hakimi.

"Aiki ne ya yi yawa," ya ce.

"A wannan akurkin? Ni da na leƙo na ɗauka kaji ake kiwo. Har na fara neman ƙwai."

Ya ci gaba da jujjuya sukudireban.

"Sanƙon nan ma ya ƙaru. Da a ce sola ce, da Babura ta daina kukan wuta."

Gefen bakinsa ya motsa, ya danne.

"Kuma ko tsaraba ba ka tambaya ba."

"Wa ke roƙon dutse ruwa?" Maganar ta kuɓuce masa kafin ya kama ta. "Mutumin Kazaure ai ko tari ya yi sai ya waiwaya ya duba ko wani abu ya faɗi."

Ta zauna a kujerar, ta gyara mayafi. "Yauwa. Yanzu na iso Babura."

Ta zuge jakar, ta fito da kwamfutar tafi-da-gidanka, ta ɗora a kan teburinsa a tsakanin buɗaɗɗun wayoyi da ƙananan kusoshi. Ya gane ta. Shi ya taɓa sauya mata madannai. Murmushin da ya fara taruwa a fuskarsa ya watse.

"Ta yaron nan ce," ta ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, ɗan fari ne, kuma ba ta fara ba don ya mutu. "Kada ka koma mini Malama. Gyara na kawo, ba gaisuwa ba."

Ya jawo kwamfutar gabansa. "Me take yi?"

"Tana tashi lafiya. Tana buɗe hotuna, tana buɗe takardu. Amma akwai manhajar da yake haɗa sauti da ita, wadda yake yini a kanta da abin ji a kunne. Da an taɓa ta sai a ji ƙara, allon ya koma shuɗi, kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta. Ƙanwarsa Ma'u ta gwada, babansu ya gwada, ni ma na gwada. Duk a wuri ɗaya take faɗuwa."

"Kun kai ta wani wuri?"

"Wurin masu gyara biyu. Kowanne ya ce a wanke ta tas, a sake zuba mata komai sabo. Na ce in an wanke, abin da ke ciki fa? Suka ce ai shi ne wankin. Na ɗauko kayana."

"Shi ne kika tuna da akurki."

"Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki."

"Ashe ba zumunci ne ya kawo ki ba."

"Zumunci a ƙafa yake. Naka kuwa ƙafar ta shanye."

Ya buɗe murfin kwamfutar, bai kunna ba tukuna. "Me ke ciki?"

"Ban sani ba. Ma'u ta ce wani abu yake haɗawa da muryarsa tun kafin ciwon ya kwantar da shi." Ta dubi waje, inda wani kwandasta ke ɗaure buhun gero a bayan mota. "Akwai saƙonninsa a wayar Ma'u, amma duk na asibiti ne, murya a shaƙe. Ita ce ta zauna mini a kunne. In na nemi wadda yake dariya da ita, ba na samu. Na san yana yi. Yadda take ne ya ɓace mini."

Ta faɗe shi kamar yadda take karanta wa ɗalibanta sakamakon gwaji a ɗakin kimiyya, ba ƙari, ba ragi. Ukasha ya dubi madannan da ya sa da hannunsa. Sannan ya ja numfashi.

"To ja kujerarki baya. Kada rowarki ta shafi kayan aikina, su ma su fara ƙin bayarwa."

Ya kunna ta, ya jona mata wani faifan ajiya mai girman sabulun wanka.

"Me kake yi?"

"Abin da masu wankinki ba su yi ba. Kafin in taɓa komai, sai na kwashe duk abin da ke cikinta na zuba a nan. Ko ta fashe bayan haka, kayan suna hannu."

"Ashe kana da hankali."

"Ranar da aka raba hankali a gidan kakanmu, mata ne suka kwashe. Ragowar kwano aka ba 'ya'yan maza."

"Suka kwashe, suka kai gidajen wasu, ya zube a hanya. Abin da ya iso Babura bai cika cokali ba."

"Cokalin ne dai kika biyo tun daga Kazaure."

"In babu raƙumi sai a yi da akuya."

"Akuyar ma ba ki zo mata da dusa ba."

Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur, ya ɗauko gorar zoɓo mai sanyi daga kula, ya dire mata.

"Na sayarwa ne ko na sadaka?"

"Na asiri ne. Duk marowacin da ya sha, hannunsa zai buɗe."

"To sha ka fara, mu ga aikinsa."

Ta sha duk da haka. Wani mutumin Nijar ya leƙo da rawani, yana so a zuba masa karatu a katin waya. Ukasha ya ba shi haƙuri, ya ce ya dawo gobe.

"Ka kori sefa saboda ni?"

"Saboda kwamfutar. Ke da za a kai ki kasuwar Babura, sai an haɗa da gyara kafin a taya."

"Kai kuwa ko a kyauta sai an roƙi mai karɓa."

Da kwafin ya ƙare, ta matso da kujerarta. "Tunda ka kwashe, ka kunna mini daga can mana. Me ya kai mu wurin manhajar da ke kayar da ita?"

"Zo ki gani."

Ya buɗe ma'ajiyar aikin. Ba abu ɗaya ba ne a ciki. Ƙananan fayiloli ne jere, ba iyaka, kowanne sunansa lambobi. Ya danna ɗaya, aka ji ƙarar cokali a kwano, ya yanke. Ya danna wani, kukan zakara, rabi. Ya danna na uku, sai aka ji mutum ya ja numfashi zai yi magana, ya yanke kafin kalmar ta fito.

Halima Sa'adiyya ta riƙe hannun kujera.

"Haka irin wannan manhajar take ajiya," ya ce a hankali. "Kamar tela ya yanka yadi ƙyalle-ƙyalle. Ita kaɗai ta san wanne ke bin wanne. In ba ta buɗe ba, ƙyallaye muke da su, ba riga ba."

"To ka buɗe ta."

"Sai na san abin da ke kayar da ita. Likitan da ya yanka kafin ya duba, mahauci ne."

Ya kunna wani karatu daga cikin nasa, lasifikar kwamfutar ta fitar da shi tangaran. "Ba lasifika ba ce." Ya sa tafin hannu a ƙasanta, ya kasa kunne wurin da iska ke fita. "Ba zafi ba ne." Ya miƙa mata wayarsa. "Riƙe. Zan taɓa manhajar. Da allon ya yi shuɗi ki ɗauki hotonsa, kafin ya ɓace. Kin dai iya ɗaukar hoto?"

"Na ɗauki naka ranar aurenka. Wayar ba ta sake aiki ba."

Ya danna. Manhajar ta fara buɗewa, ta tsaya, sai wata ƙara siririya kamar an ja ƙusa a jikin kwano. Allon ya rine shuɗi. Ta ɗauki hoton.

Ya karɓi wayar, ya faɗaɗa ƙasan hoton da yatsu biyu. "Masu wankinki sun karanta wannan layin?"

"Ɗaya ya ce tsufa ne. Ɗayan ya ce ƙwayar cuta."

"Duk lokacin da za ta faɗi, sai ta faɗi sunan wanda ya ture ta. Mutane ne ba sa tsayawa su ji. Ga shi nan."

"Wane ne?"

"Tafinta ne. Mu direba muke ce masa. Wani ɗan ƙaramin shiri ne da ke tsakanin kwamfuta da wata na'ura ta waje, yana fassara musu magana. Yaron ba da lasifikar kwamfuta yake aiki ba, akwai na'urar da yake jonawa. Da manhajar ta tashi sai ta aiki tafinta ya kira na'urar. Ya kira, shiru. Shi kuma tsohon yayi ne, mai zuciya. Maimakon ya dawo ya ce ba ta nan, sai ya rushe gidan gaba ɗaya."

"Ashe danginku ne."

"A'a, ɗan namiji ne. Mu 'ya'yan mata in ba a amsa mana ba, sai mu tafi mu dawo."

"Bana dai ba ka dawo ba."

Ya yi kamar bai ji ba.

"To ka kori tafintan mana," ta ce.

"Zan iya. Amma da shi yaron ya ɗaure aikinsa. In na cire shi, tana iya buɗewa, tana iya buɗewa a hargitse. Wannan shi ne na ƙarshe da zan gwada. Na fi so in ba ta abin da take nema." Ya rubuta sunan a wayarsa, ya jira, ya juyo mata da fuskar wayar. "Kun ga irin wannan a ɗakinsa?"

Wani ɗan akwati ne ruwan toka, bai kai tafin hannu biyu ba, da maɓallan murɗawa a gabansa da ramukan jona waya.

Ta ajiye gorar zoɓon a ƙasa.

Bara, a watan cika-ciki, yaron yana kwance a asibiti a Kano. Ta zo gida ta ɗebi kaya ta koma, sai ta ce bari ta share masa ɗaki, ya dawo ya tarar da shi fes. Tana cikin sharar Ukasha ya yi sallama. Ba ta tara masa komai ba, don haka ta kwashi abin da hannunta ya kai, ta cusa a leda. A ƙarƙashin gado ta tsinci wannan akwatin, ya yi ƙura, ba batir, ba eriya. Ta ɗauka matacciyar rediyo ce. A tsaye suka yi zolayar ranar, a bakin ƙofa, gajeriya. Ta ce masa zabuwa sai an sallamo yaron.

"Ukasha. Ina ledar bara?"

"Wace leda?"

Bai gama rufe baki ba ya gane. Ya waiwaya a hankali. A bangon bayansa, sama da kantar kaya, tsakanin naɗaɗɗun wayoyi, wata baƙar leda na rataye a ƙusa. Ta yi fari-fari don daɗewa.

"Ba ka buɗe ba?"

"Na ce sai an sallamo shi. In zo in zazzage ta a tsakar gidanki, a gabansa, ya ga irin uwar da Allah ya haɗa shi da ita. Wurin nan ya fi so." Ya share goshi. "Daga baya kuma na kasa buɗewa, na kasa yarwa."

Fanka ta yi ta juyi a tsakaninsu. A waje kwandasta na kiran saura mutum ɗaya.

"To sauko da ita," ta ce. "Ko sai na ɗaga ka?"

Ya taka benci, ya sauko da ledar. Ya kama ƙullin da farce, ya kama da haƙori, ya ƙi.

"Ƙullin marowata. Ko iska ba ta fita."

"Kawo nan. Yatsu kamar rogo."

Ta warware a ja ɗaya. Ya fara fito da kayan yana jerawa a kan tebur kamar dillali. Silifas na banɗaki, ƙafa ɗaya. Tocila ba gilashi. Murfin tukunya ba mariƙi. Kalandar shekarar da ta wuce. A can ƙasa, ɗan akwati ruwan toka.

Ya ɗaga shi, ya hure ƙurar, ya goge da gefen rigarsa. Bakinsa bai tsaya ba.

"Tun muna yara kike ba ni shara. Rana ɗaya tak kika yi kuskure kika ba ni abin kirki."

"Da na sani da ban bayar ba."

"Wannan kam ba sai kin rantse ba. Malamar kimiyya guda, ta ga wannan ta ce rediyo."

"Injiniya guda, magani na rataye a saman sanƙonsa shekara cur, yana neman hotonsa a waya."

"Gwano ba ya jin warin jikinsa."

"Shi ya sa kake zaune lafiya a shagon nan."

Ya tono wata wayar jonawa daga aljihun tebur, ya gwada bakinta, ta shiga. Ya jona akwatin da kwamfutar. Wata 'yar fitila kore ta kama a gabansa.

"Yana da rai," ya ce.

"Shi ke nan?"

"Ban ce ba. Tana iya sake faɗuwa. In ta faɗi, muna da wata hanyar, kuma kayan suna hannu. Kada ki ɗora rai duka a kan dannawa ɗaya."

"Danna."

Ya yi bismillah, ya danna. Manhajar ta fara buɗewa, ta tsaya a daidai inda takan tsaya. Halima Sa'adiyya ta rufe ido tana jiran ƙarar. Ba ta zo ba. Da ta buɗe ido, allon ya cika da layuka masu tudu da kwari, jere kamar kunyoyin gona.

Ukasha ya ciro abin ji na kunne daga ƙusa, ya miƙa mata, ya miƙe. "Ki ji ke kaɗai. Bari in leƙa wurin mai shayi."

"Zauna. Sa a lasifika. Yaushe bawa ya fara barin uwargijiyarsa a tsakiyar aiki?"

Ya zauna. Ya jona ƙaramar lasifikarsa a jikin akwatin, ya murɗa maɓalli kaɗan.

Aka ji gyaran murya. Sannan murya cikakkiya, ta mai lafiya, ƙasa-ƙasa kamar mai gudun a kama shi.

"Assalamu alaikum, masu sauraro. Abdulnasir ke magana daga tagar ɗakinsa a Kazaure, inda za mu kawo muku karawar shekara-shekara. A hannun dama, Umma, mai riƙe da kambu. A hannun hagu, Kawu Ukasha, ya taso tun daga Babura da yunwarsa. Ba su san na saƙala makirfo a taga ba. In Umma ta ji wannan, na shiga uku."

Ba ta motsa ba. Hannunta ɗaya na kan ɗaya a cinya.

Sai ga tsakar gidanta ta cika shagon: ƙarar cokali, kukan zakara, da muryarta ita kanta ta bara waccan, da ƙarfi, ba nauyi a cikinta.

"Sanƙon nan ya ƙaru, Ukasha! Da a ce sola ce, da Babura ta daina kukan wuta!"

A kan maganar, dab da makirfo, dariya ta fashe. Ta fara a hanci, don yana ƙoƙarin danne ta, ta ƙwace, ta hau sama, ta ƙare da 'yar shaƙuwa kamar wanda ya sha ruwa da sauri.

Ita ce. Da shaƙuwar da komai. Yadda aka yi ta manta da shaƙuwar nan, ba ta sani ba.

Ukasha ya juyo ya dube ta, idonsa jawur. "Ashe tsohuwar zolaya kika kawo mini yau. Ita ma shara ce."

"Sanƙon ne bai canja ba."

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar. Ta kai gefen mayafi ido. "Fankar nan taka tana watsa wa mutum ƙasa."

"Ni ma ta watsa mini."

Suka saurara har ƙarshe. An ji Ukasha na zazzage ledar shekarar, yana kiran maƙwabta su zo su yi shaida. An ji ta tana cewa ai ko wannan ya fi ƙarfin gidansa. Yaron na shigowa jefi-jefi yana ba da maki kamar mai sharhin dambe. Can kusa da ƙarewa hayaniyar ta yi ƙasa, muryarsa ta dawo ita kaɗai.

"Ranar shara ce kaɗai Umma ke dariya har a ji ta a waje. Shi ya sa na ɗauka in ajiye. Yanzu sai hukunci. Bana dai, gaskiya, Kawu ne ya ci. Amma kada wanda ya gaya wa Umma, ita ke ba ni abinci."

Layin ya kai ƙarshe, ya tsaya.

Ukasha ya haɗe aikin ya zama fayil ɗaya, ya zuba mata a wayarta, ya zuba a katin waya, ya bar wani a faifansa. Ya shiga saitin manhajar ya nuna mata lasifikar kwamfuta, ya cire akwatin, ya sake buɗe ta. Ta buɗe lafiya. Ya rufe, ya sake buɗewa, don ya tabbata.

"Yanzu ko babu shi ba za ta faɗi ba," ya ce. Ya ɗauki ɗan akwatin, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya dafe. "Wannan kuwa nawa ne."

"Kawo shi."

"Shara ce. An ba ni da hannu biyu. Kin taɓa jin an karɓe shara?"

"Kuskure ne."

"Kuskuren marowaci rabon mai haƙuri."

"Wannan karin maganar yanzu ka ƙirƙire ta."

"Ai su ma na da, wani ne ya ƙirƙira." Ya ciro akwatin, ya naɗe shi da wayar jonawar, ya zura shi a jakar kwamfutar da kansa, ya zuge. "Aro na ba ki. Zan riƙa zuwa ina duba lafiyar kayana."

Ta dubi jakar. Sannan ta sa hannu cikin mayafi, ta fito da wata ƙaramar baƙar leda, ƙulle da irin ƙullin nan, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ga ta bana, tunda ƙafarka ta yi nauyi."

"A'a. Daga yau a gabanki nake buɗewa. Na ga abin da jinkiri ya jawo."

Bai tsaya faɗa da ƙullin ba, ya sa almakashi. Silifas ne na banɗaki, ƙafa ɗaya. Ya ɗauko na bara, ya jera su a kan tebur, ya duƙa ya duba.

"Sa'adiyya. Duka na hagu ne."

"Da ma ƙafafunka duka hagu ne."

"Allah ya isa tsakanina da gidan kawu! Shekara biyu ina tara takalmi, ashe ba zan taka ba!"

"Ka jira baɗi."

"Zabuwata fa?"

"Biyu ne, ta bara da ta bana. Suna gida sun yi ƙiba. Ba a aiko zabi a mota. Mai so ya zo ya kama da kansa."

"Juma'a ina tafe. Amma kafin ki fita daga akurkin nan, akwai maganar da ta rage. Alƙali ya yanke hukunci, kin ji da kunnenki."

"Alƙalin ya ce kada a gaya mini."

"Ni ban gaya miki ba. Shi ya faɗa."

Ta rataya jakar a kafaɗa, ta riƙe ta da kyau. Ta kai bakin ƙofa, ta tsaya.

"Tunda Abdulnasir ne ya faɗa," ta ce, a hankali, kamar mai taka sabon wuri, "na yarda. Ka ci."

Ukasha ya zura ƙafafunsa cikin silifas ɗin nan biyu na hagu, ya fito rakiya yana tafiya a karkace kamar ƙaguwa, yana ɗaga wa 'yan tasha hannu. Ta dube shi sau ɗaya, ta kau da kai, ta sake dubawa. Dariyar ta fara mata a hanci, ta ƙwace. Har kwandastan da ke ɗaure kaya a tsallaken titi sai da ya waiwayo.